Neman Malam Na-Tari

Ni dai a zatona, mutumin da ya shekara sittin da bakwai a gari guda, ya karantar da 'ya'yan garin Larabci da addini shekara talatin da biyar har gwamnati ta sallame shi da ɗan fansho, ya tsaya shaida a ɗaurin auren da shi kansa bai san adadinsu ba, kuma aka sha ta da shi daga ƙailula domin ya zo ya raba gadon gona ko na tumaki, ba shi da sauran bukatar wani mahaluƙi ya tabbatar wa duniya cewa shi ne shi. A Bodinga ko yarinya mai tallar fura ka tambaya gidan Malam Mamman, sai ta kai ka har bakin zaure, ta kuma ƙara maka da labarin bulalar da na yi wa ubanta. Wannan zato nawa ya rushe cikin hunturun 2024, kuma abin da ya rushe shi takarda ce mai shafi biyu.

Asalin maganar kuwa shi ne, ina da ƙane shaƙiƙi wanda ya tafi aikin Hajji a 1978, da alhazai suka juyo gida shi bai juyo ba, ya zauna Jidda yana sana'ar ɗinki har Allah ya karɓi ransa. Ya bar mata ɗaya, da 'ya'ya mata biyu, da kekunan ɗinki uku, da ɗan abin da ya tara. Da yake iyayenmu sun daɗe da rasuwa, kuma bai bar ɗa namiji ba, lissafin bai ɗauke ni tsawon shan kofin shayi ba: 'ya'ya biyu suna da sulusani, mata tana da sumuni, abin da ya rage kuwa ya faɗo wa asaba, watau ni da yayarmu da ke aure a Shagari, namiji rabon mata biyu. Asalin mas'ala ashirin da huɗu, in an gyara ta ta koma saba'in da biyu; 'ya'ya su ɗauki arba'in da takwas, mata tara, ni goma, Yaya biyar. Na dubi wannan goma, na tuna marayu a ƙasar da ba tasu ba, zuciyata ta yi laushi, na yanke shawarar mun yafe, ni da Yaya duka. Mai karatu ya lura da kyau cewa na ce na yanke shawarar mun yafe, domin a nan ne kunamar take kwance.

Da na sanar da babbar 'yar marigayin, sai ta aiko mini saƙon murya ta WhatsApp, cikin wannan Hausa tasu ta Jidda wadda rabinta Larabci ne, tana godiya tana kuka, sa'an nan ta ce hukuma a can ba ta karɓar yafiya ta baki, lazim ne a rubuta wakala da sunan mijinta, mu biyu mu sa hannu, a kai wa wani ya buga hatimi. Daidai wurin sunan wannan wani, iskar hunturu ko raunin sabis ya cinye rabin kalmar, na kunna saƙon sau bakwai, na kanga wayar a kunnen dama na mayar na hagu, abin da nake ji dai shi ne, "Baffa, a kai wa Na-Tari." Ban yi mamaki ba ko kaɗan, gama ƙasarmu cike take da su Na-Allah da su Na-Abba, kuma na ɗauka wani dattijo ne da ciwon ƙirji ya daɗe da shi har ya zama masa laƙabi, wanda ƙila sun san shi a can ta hanyar jigilar alhazai. Girman kai ya hana ni in sake tambayar yarinyar da na girmi ubanta.

An ce matambayi ba ya ɓata, amma wanda ya faɗi haka bai yi tambaya a majalisarmu ta bayan la'asar ba. Da na jefa sunan, sai kowa ya san shi. Wani ya ce ya rasu tun zamanin Shagari yana mulki, wani ya ce ba Na-Tari ba ne, Na-Tureta ne, dillalin shanu. Ladanmu, wanda ba a taɓa yi masa tambaya ya ce bai sani ba, ya rantse cewa mutumin yana nan da ransa, yana cin kasuwar wani ƙauye can bayan Sifawa, kuma duk ƙasar nan ba wanda bai san hatiminsa ba. Ranar kasuwar na sa babbar riga, na hau bayan ɗan kabu-kabu, muka wuce Sifawa, garin da Shehu Usmanu ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ina ta istigfari saboda gudun da yaron yake yi, har muka iske mutumin zaune bisa tabarma, kewaye da kwalabe da ƙulle-ƙullen sassaƙe. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo irin ta manya. Na ce an aiko ni wurinsa daga Jidda. Ya gyara zama, ya ce ba mamaki, maganinsa ya kai har inda ya fi Jidda. Na ce maganar hatimi ce. Ya ce akwai na sha, akwai na ratayawa, wanne nake so, kuma tarin busasshe ne ko mai majina? Sai a nan na gane irin hatimin da ladan yake nufi. Kunya ta hana ni tashi hannu wofi, na sayi kwalba biyu, waɗanda, domin in yi wa mutumin adalci, sun yi wa uwargidana amfani ƙwarai.

Kafin in komo gida labari ya riga ni. An ce Malam Mamman ya ci gadon riyal, har an faɗi adadi, kuma adadin yana ƙaruwa daga unguwa zuwa unguwa. Mutanen da suka shekara ba su gaishe ni ba suka fara zuwa duba lafiyata, mai shagon da nake karɓar sukari bashi ya daina rubutawa a gabana, wani kuma ya zo da maganar wata bazawara mai hankali. Na yi ta rantsuwa cewa wahalar da nake sha duka ta neman hanyar da zan ƙi karɓa ce, amma ba wanda ya gaskata, kuma ban ga laifinsu ba.

Wanda ya fitar da ni daga duhu wani tsohon ɗalibina ne da ke aikin akawu a ofishin lauyoyi a Sakkwato. Ya saurari saƙon sau ɗaya tak, ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa, sa'an nan ya juyo da ladabi ya ce, "Allah ya gafarta Malam, notari ta ce." Ya bayyana mini cewa notari lauya ne wanda ya daɗe cikin aikin, Alƙalin Alƙalan Najeriya ne da kansa yake naɗa shi, a rubuta sunansa cikin rajista a Kotun Ƙoli, cewa dokar abin ta samo asali tun 1936 zamanin Turawa, aka sabunta ta a 2023, kuma aikinsa shi ne ya tabbatar wanda ya sa hannu a takarda shi ne mai sunan, ya san abin da ke ciki, ba a tilasta shi ba, sa'an nan ya buga hatimin da ƙasashen waje suke yarda da shi. Ya ce a Saudiyya ana ce wa mai irin wannan aiki katibul adli. Da jin haka na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, domin wannan kalma na san ta tun kafin a haifi uban yaron. Ayar bashi, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, can ƙarshen Baƙara, ai maganar marubuci mai adalci da shaidu take yi. Malaman Andalus sun mayar da rubutun wasiƙun shari'a fanni mai zaman kansa. Babin shaida na Tuhfa ta Ibnu Asim kuwa na karanta shi gaban malamina a nan Bodinga, garin da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna. Ashe abin da na hau babur ina nema wurin mai maganin tari yana cikin gafakata.

Yaron ya yi alkawarin rubuta wakalar da Turanci ya aiko mini, ya ce in shirya sosai kafin in zo. Wannan kalma ta shiri ita ta ƙarasa ni, domin ni mutum ne mai ƙin a ce ya zo wuri da aiki rabi da rabi. Da takardar ta iso, na kai shagon kwamfuta aka buga ta bisa farar takarda mai kauri. Na yi alwala, na zauna a zaure, na ɗauko alƙalamin da aka ba ni kyauta ranar da na bar aiki, na gwada sa hannuna sau goma sha biyu a bayan wata tsohuwar kalanda har ya fito da wutsiya mai lanƙwasa irin ta manyan ma'aikata, sa'an nan na yi bisimilla na zuba shi a gurbinsa. Na dube shi na ƙara dubawa, na ce ko Wazirin Sakkwato sai haka.

Washegari na shiga motar Tambuwal na sauka Shagari. Yayata ta ba ni shekara tara, ita ta goye ni, ita ta goyi marigayin, kuma har yau in tana magana da ni sai in ji kamar ban yi kaciya ba. Ba ta yi boko ba, saboda haka dangwale za ta yi. Na same ta ta ƙunsa lalle hannu da ƙafa saboda bikin wata jikarta, ta ce ba abin da zai sa ta kwance kafin azahar, ko da takardar daga Sarkin Musulmi ta fito. Na zauna na sha fura, na saurari tarihin kowace akuya ta gidan. Da aka kwance, ta tambaye ni, "Wanga dangwale na wace jam'iyya na? Mi sunka aiko da shi?" Na ce ba zaɓe ba ne, takardar marayun Jidda ce, domin su samu abin da ubansu ya bari. Ta ce Allah sarki, ta share hawaye, ta miƙo yatsa. Ba mu da tawadar ofis, sai na aiki yaro makarantar allo ya samo ta malam, wadda aka dafa da ƙaro. Na tsoma babban yatsanta na danna, abin ya fito kamar an taka ɗanyen kashin awaki. Na ce ba kome, niyya ita ce gaba. A kan hanyar komawa na ga yadda ƙura take shiga ko'ina, na ji tsoron kada ta ɓata mini aiki, sai na sake biyawa shagon kwamfuta na sa aka rufe takardar cikin leda aka gasa, ta fito tana walƙiya, ko ruwan Agusta ba ya ratsa ta.

Ranar Litinin na isa Sakkwato da hantsi. Notarin mutum ne matsakaici mai furfura kaɗan a gemu, ya tashi ya ba ni kujera, ya kira ni Baba. Na zaro takardar daga cikin rigata na ajiye a gabansa da irin alfaharin da mafarauci yake ajiye barewa. Ya ɗauka, ya juya ta, ya ƙwanƙwasa ta da farce ta yi ƙara kamar faranti, ya daɗe yana duban dangwalen Yaya, sa'an nan ya ce, "Baba, wa ya sa wannan hannu?" Na ce ni ne, kuma in yana so in nuna masa kalandar da na yi gwaji. Ya ce, "A gaban wa?" Na ce a gaban Allah. Ya ce haƙiƙa babu shaidar da ta fi wannan, sai dai shi abin da zai rubuta a ƙasan takardar shi ne an sa hannu a gabansa, ranar kaza, a wuri kaza, kuma ɗalibina ya gaya masa ni malamin fiƙihu ne, saboda haka yana neman fatawa: ya halatta mutum ya ba da shaidar abin da idonsa bai gani ba?

Na shekara talatin da biyar ina yi wa yara wannan tambaya, ina bugun tebur ina ce musu shahada daga mushahada take, wanda bai gani ba ya kama bakinsa. Ban taɓa sanin tana da zafi haka ba sai da aka juyo mini da bakinta. Na yi gyaran murya na ce a mazhabar Malik akwai wuraren da ake karɓar shaidar ji, kamar mutuwa da nasaba da waƙafi. Ya ce sa hannun da aka yi shekaranjiya a zaure yana cikinsu? Na ce ba ya ciki. Ya nuna mini wani ƙarfe mai baki kamar na kada, wanda yake matse jan tambari a jikin takarda har rubutu ya kumburo, ya ce ko da ya so ya taimake ni, wannan leda da na gasa ba ta barin haƙorin ƙarfen ya kama. Watau na kiyaye takardar daga ƙura, da ruwa, da gara, da kuma notari.

Sa'an nan ya nemi katin shaida, a nan ne kuma aka buɗe babi na biyu. Takardar magada da ta zo daga Jidda ta kira ni Muhammad bin Abdullahi. Katin ɗan ƙasa ya ce Muhammadu Abdullahi. Takardar fansho ta ce Mohammed A. Bodinga. Katin zaɓe, wanda ban san a wane hali mai rubuta shi yake ba, ya ce Mamman Bodinga Abdul. Na bayyana masa cewa a zamaninmu in yaro ya shiga makarantar boko, hedimasta yakan ɗauki sunan garinsu ya liƙa masa, kuma ba ni kaɗai abin ya sama ba, tun da marigayi Turakin Sakkwato, wanda ya mulki ƙasar nan daga 1979 zuwa 1983, sunan mahaifinsa Aliyu, amma duniya duka Shagari ta san shi da shi. Ya ce gaskiya ne, amma ma'aikacin da zai duba takardata a Jidda mutum huɗu zai gani, kuma gadon na mutum ɗaya ne. Magani shi ne in tafi kotu wurin kwamishinan rantsuwa, in yi afidabit cewa waɗannan mutane huɗu duk ni ne, in haɗa da hoton fasfo.

Na tafi. Na bi layi tsakanin wata yarinya da ta ɓatar da katin waya da wani saurayi da yake son ya rage wa kansa shekara uku saboda neman aiki. Ni da na yi rayuwata ina hana mutane yawan rantsuwa, ina gaya musu kaffararta ciyar da miskinai goma ce, sai ga ni tsaye ina biyan kuɗi domin a ba ni izinin rantsewa cewa ni ne ni. Na so in haɗa da takardar shekaru, tun da katunan nan ba su daidaita a kan ranar haihuwata ba, in ban da 1 ga Janairu da suka yi ijma'i a kanta. Aka ce wannan sai wanda ya girme ni ya rantse a madadina. Na ce ina da yaya. Daga baya da na duba katin zaɓenta, na tarar an rubuta an haife ta a 1965, watau matar da ta goye ni ta zo duniya ina aji biyu na firamare. Na bar wannan magana inda na same ta.

Notarin ya faɗa mini sabuwar dokar ta yarda a yi irin wannan shaida ta bidiyo, amma shi bai tanadi kayan yin haka ba tukuna. Ni ma da na tuna yadda sabis ya mayar da notari Na-Tari, ban matsa ba. Ba makawa sai an kawo Yaya. Aka yi kwana shida ana shawara da 'ya'yanta, ta gindaya sharuɗɗa: gidan gaba za ta zauna ita kaɗai, ni zan biya kujera biyu, za a tsaya Bodinga ta gaida uwargidana, kuma in mun gama a kai ta Hubbaren Shehu ta yi ziyara. Na karɓa duka. Muka iso ofishin bayan azahar da sabuwar takarda, fara fat, ba sa hannu, ba leda, ina riƙe da ita da yatsa biyu kamar mai ɗauke da ƙwai.

Na sa hannuna a gabansa, wutsiyar ba ta fito da kyau ba saboda rawar jiki, amma ya ce ya wadatar. Na jawo hannun Yaya zan kai ga tawada, sai ya ɗaga nasa hannun ya ce a dakata. Ya ce doka ta kare wanda bai iya karatu ba: wajibi ne a karanta masa takarda cikin harshen da yake ji, a tabbatar ya fahimta, a kuma rubuta a ƙasa cewa an yi haka, da sunan wanda ya fassara. Na ce ai na riga na yi mata bayani tun a gida. Ya yi murmushi irin na ranar Litinin, na yi shiru. Ɗalibina ya fara fassarawa, Yaya tana gyaɗa kai, tana cewa Allah ya jiƙan mamaci, har ya iso inda aka ce ita, wance 'yar wane, da hankalinta, ba tilas, ta yafe dukan rabonta.

Ta ce, "Dakata, ɗana. Sake hwaɗin wanga wuri."

Ya sake.

Ta juyo gaba ɗaya ta dube ni, irin duban da ta yi mini a 1964 ranar da na ɓarar mata da nono, ta ce, "Mamman, ashe ina da rabo?"

Na ce, "Yaya, ɗan kaɗan ne, bai taka kara ya karya ba."

"Ba kai ka raba ma mutane gado ba? Nawa na?"

Notarin ya ajiye alƙalami ya harɗe hannu. Ɗalibina ya sami wani abin sha'awa a silin yana kallo. Na ce, da muryar da ni kaina da ƙyar na ji ta, sahami biyar cikin saba'in da biyu.

Ta ce, "To, su nika so. Ni na goye shi, ni na yi mai wankin ƙazanta, shekara arba'in da biyat bai aiko man komi ba sai dabino da tasbaha. Kai ka yahe naka, Allah shi ba ka lada. Nawa a kawo man shi nan hannuna, in na ga dama in ba ɗiyan da kaina, su san suna da gwaggo a Shagari." Sa'an nan ta juya ga notarin ta ce, "Kai ko, Allah shi yi ma albarka. Ɗan wa ne kai?"

Na buɗe baki in kawo hujja a kan falalar tausaya wa maraya, sai na tuna babin da ke cewa kyauta ba ta inganta sai daga mai mallakar abin, babin da ni ne na karantar da rabin Bodinga shi, na mayar da bakina na rufe. Aka sake rubuta takarda ta uku, ni na yafe, ita ta wakilta a karɓo mata. Aka karanta mata sau biyu, ta sa aka maimaita wurin biyar ɗin sau uku, ta dangwala da tawadar ofis, zanen yatsanta ya fito ɗaya bayan ɗaya kamar kunyar gona. Ya manna jan tambari, ya matsa ƙarfensa, ya rubuta mu cikin littafinsa, na biya. Na ce alhamdu lillahi, an gama. Ya ce nasa ya ƙare, amma ganin Dala ba shiga birni ba ne: akwai wata yarjejeniya da aka ƙulla a birnin Hague a 1961, wadda ƙasashen da ke cikinta suke wadatuwa da tambari guda, Saudiyya ta shige ta a 2022, Najeriya kuwa ba ta ciki, saboda haka sai an kai takardar Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja ta gaskata hatiminsa, a juya ta zuwa Larabci, sa'an nan ofishin jakadancin Saudiyya ya gaskata hatimin ma'aikatar. Shaida a kan shaida a kan shaida, kamar isnadin hadisi, ni kuwa a can ƙasa, rawi mai rauni.

Muka yi ziyarar Hubbare, ta sayi turare da alewar jikoki da kuɗina. Da muka iso tasha na laluba aljihun dama da na hagu da na 'yar ciki, na tarar abin da ya rage ba ya kai mu ko Bodinga, balle kujera biyu har Shagari. Na matsa kusa da ita na yi ƙasa da murya, na ce Yaya ta ranta mini dubu huɗu zuwa ƙarshen wata in fansho ya fito. Ta kwance bakin zanenta a hankali, ta ƙidaya, ta riƙe kuɗin ba ta miƙo ba. Ta kira direba, ta kira ɗan kamasho, ta ce su tsaya nan su gani da idonsu. Ta sa yaron mota ya yago bayan kwalin sabulu, ta ce in rubuta, in karanta mata da Hausa, kuma a nan gabanta zan sa hannu, ba a zaure ba. Na ce alƙalamina ya tsaya a ofishin notari. Ta ce ba kome, ta zaro tandun kwallinta, ta kama babban yatsana ta shafe shi baƙi ƙirin, ta danna bisa kwalin, ta duba, ta ce bai fito ba, ta sake dannawa.